Yadda ake shirya baje kolin zane-zanen ɗalibai a laburaren kwaleji, daga tsohon littafi zuwa bango ba tare da an tara bola ba

Duk laburaren kwalejin da ka shiga, in ka tambayi ma'aikatan wurin zasu nuna maka wani lungu ko ɗan sito da aka jibge littattafan da aka sauke daga kanta, wasu an fito da sabon bugunsu, wasu bangon ya ɓalle, wasu kwafi biyar ne na abu ɗaya kuma shekara da shekaru ba wanda ya ara. Ga tsofaffin jaridu, ga kwalayen da aka kawo sababbin littattafai a ciki, ga takardun da firinta ta ɓata. A cikin makarantar kuma akwai ɗalibai masu hannu sosai, masu zane da ɗinki da sassaƙa, da aikinsu daga an ba shi maki shikenan sai ya koma ƙarƙashin gado. Toh baje kolin nan haɗa waɗannan biyun ne, ɗalibi ya karanta littafi kan muhalli ko wani labari da ya taɓa shi, ya ɗauki kayan da aka riga aka yar ya fito da abin da ya gani a cikin karatun, a kafa a laburare mutane su gani.

Abu biyu nake so ku riƙe tun daga nan saboda su zasu riƙa dawowa a kowane mataki. Na ɗaya, kowane aiki ya zama yana da littafin da ya haife shi, kuma littafin yana ajiye kusa da shi wanda ya gani zai iya ara. Na biyu, kar a yi baje kolin kare muhalli sannan a tashi a bar buhu goma na shara, in haka ta faru an gudu ne ba a tsira ba.

Ku fara da shugaban laburare kafin komai

Kafin fosta, kafin gurup ɗin WhatsApp, kafin ma ku sanya wa abin suna, ku samu shugaban laburaren ku zauna. Wurinsa ne, shi ya san inda ɗalibai ke cika da inda ba kowa, shi ya san bangon da ruwa ke tsatsa in damina ta sauka, kuma shi za a tambaya in wani abu ya lalace. Ku je da takarda mai shafi ɗaya kacal, me za a yi, yaushe, tsawon wane lokaci, su wa ke da alhaki. Ku tambaye shi kai tsaye: ana buga ƙusa a bango ko a'a, wane teburi ko akwatin gilashi za a iya aro muku, ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, sannan ina ne ƙofofin fita idan gobara ta tashi domin nan ba a ajiye komai ko da tsinke ne. Duk abin da kuka yi yarjejeniya a rubuta shi kowa ya sa hannu, ba rashin yarda ba ne, shugabanni na tafiya hutu kuma wanda ya riƙe wurin bai san maganar da aka yi da baki ba.

Kwamiti kar ya wuce mutum 5 ko 6. Ma'aikacin laburare ɗaya, malamin zane ko duk malamin da ya san harkar, ɗalibai 3 ko 4. Ɗaya daga cikin ɗaliban aikinsa kawai shi ne kaya, daga ina suka zo kuma ina zasu je bayan an gama. Wannan kujerar ita ake mantawa kuma a ganina ita ta fi kowace muhimmanci.

Rana da jigo

Ku ba kanku sati 10 zuwa 12 daga zaman farko zuwa ranar buɗewa, ku ɗauko kalandar makaranta ku kauce wa satin jarrabawa da sati biyun da ke gabansa, lokacin laburare na masu karatu ne kuma ba wanda zai gode muku in kuna jan teburi a kansa. In zangon karatunku ya ba da dama akwai ranaku biyu da suka zo a jere kamar don wannan aikin aka yi su, 22 ga Afrilu ita ce Ranar Kare Duniya (Earth Day) da aka fara yi a Amurka a 1970, washegari 23 ga Afrilu kuma Ranar Littafi ta Duniya da UNESCO ta ware a 1995. In hakan bai yiwu ba akwai 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. Sati 3 zuwa 4 ya ishi baje kolin ya zauna, in ya wuce haka ido na sabawa mutane su daina ganinsa, takarda kuma ta fara shan haske da ƙura.

Jigo kuwa kar ku ce "muhalli" kawai ku yi shiru, ya yi faɗi da yawa, abin da zaku samu shi ne zanen duniya tana kuka guda ashirin. Ku matse shi. Ruwa. Abin da muke yarwa. Bishiya da takarda. Tufafin da muke sa wa sau biyu mu jefar. In kuna son madogara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a 2015, na 12 a cikinsu yana magana ne kan yadda muke ƙera kaya da yadda muke amfani da su, na 6 kan ruwa, na 13 kan sauyin yanayi, ku ɗauki ɗaya ku tsaya a kai. Daga nan sai ma'aikacin laburare ya fitar da littattafai kamar 20 zuwa 30 da suka shafi jigon ya jera su a teburi ɗaya kusa da ƙofa, kuma ya cakuɗa su, na kimiyya, na labarin ƙasa, ƙagaggun labarai, waƙoƙi, har da na yara masu hotuna. Sau da yawa baiti biyu na waƙa yafi rahoto mai shafi 300 tayar wa ɗalibi da tunani.

Wane littafi ake yankawa, wanne ba a taɓawa

Nan ne zan daɗe saboda nan ne rigima ke tashi, kuma masu rigimar suna da gaskiyarsu. Akwai mutanen da ganin an sa reza a littafi kawai yana sosa musu rai, ni ma ban ga laifinsu ba. Saboda haka dole ku zama kuna da amsa a shirye.

Littafin da ɗalibi ya karanta ya samu tunani daban, littafin da zai yanka daban. Na farko yana nan lafiyarsa ƙalau a kan teburi. Na biyu sai wanda laburare ya riga ya cire daga rajistarsa a hukumance ya buga masa tambarin cirewa, ba wai ɗalibi ya ga littafi ya tsufa a kanta ya yanke masa hukunci da kansa ba. Su ma waɗanda aka cire ɗin ku tace su sau biyu. Da farko ku baza su a teburi na sati ɗaya da rubutu cewa duk mai so ya ɗauka ya karanta, ko a kai wa wata makarantar da ke buƙata, domin littafin da har yanzu akwai mai karanta shi bai kai ga almakashi ba. Abin da ya rage sai ma'aikacin laburare ya sake dubawa ɗaya bayan ɗaya, ya ware duk wanda shi kaɗai ne kwafin da ya rage, da rubutun hannu, da kundin binciken ɗalibai, da bugun farko na tsohon littafi, da duk wanda marubucin ya sa wa hannu ko wani ya bayar kyauta da sunansa a ciki. Littattafan addini masu tsarki, na kowane addini ne, da duk littafin da ke ɗauke da ayoyi a ciki, ba a yanka su ba a ninke su ba a shafa musu fenti, ku rubuta wannan ɓaro-ɓaro a cikin ƙa'idoji, kuma a riƙa buɗe jaridu ma ana dubawa tunda su ma sukan ɗauko ayoyi a wasu shafukan. Takardun ofis da ke da sunayen mutane, sakamakon jarrabawa, lambobin waya, waɗannan ma ba kayan zane ba ne.

Sai batun lafiya. Duk littafin da kuka buɗe kuka ji warin danshi, ko kuka ga ɗigo-ɗigo baƙi ko kore ko fari mai kamar gari, fumfuna ce, a sa shi a leda a ɗaure a fitar da shi daga ginin. Tana yaɗuwa zuwa sauran littattafai kuma tana tayar wa masu asma da ciwonsu. Wanda gara ta ci shi ma haka.

Abin da yawanci ke saura kuma ya fi daɗin aiki shi ne tsofaffin littattafan kwamfuta da na lissafin kuɗi da zamani ya wuce su, kundayen adireshi, katalogi, taswirorin da iyakoki suka canza. Wani abu da zaku lura, takardar da ta yi ja-ja tana karyewa da ka ninke ta, wannan irin takardar da aka yi ta da markaɗaɗɗen itace mai asid ce, ba ta ninkuwa amma tana kyau a yagawa da liƙawa. Wadda take fara mai taushi ita ake ba masu ninki.

Sanarwa da ƙa'idoji

Sanarwar ta zama gajera. Jigo, ranar rufe karɓar suna, ranar kawo aiki, girman da ba a wucewa, da sharuɗɗa. A girma ku auna wurinku tukuna, amma misali aikin bango kar ya wuce mita 1 a faɗi, na teburi kar ya wuce santimita 60 kowane gefe, kuma mutum ɗaya ya iya ɗaukarsa. Ku buɗe wa kowane sashe, ɗan injiniya da 'yar koyon jinya da ɗan aikin gona, kar ku bar wa 'yan sashen zane kaɗai, wallahi wani lokaci aikin da ke tsayar da mutane daga wanda bai taɓa shiga ajin zane ba yake fitowa saboda shi ya san abin da yake magana a kai.

Sharuɗɗan da nake ganin dole ne: mafi yawan kayan aikin, a ce kashi uku cikin huɗu, su zama waɗanda aka riga aka yi amfani da su. Ba abinci, ba ɗanyen ganye, ba ƙasa mai danshi, ba duk abin da zai kira kyankyasai da ɓeraye, domin in suka shigo don aikin ɗalibi littattafai zasu koma ci. Gwangwani da kwalba da roba a wanke su da sabulu su bushe sarai. Ba kyandir, ba fasasshen gilashi a fili, ba tsohon batir, ba sirinji ko wani abu daga sharar asibiti. Sannan kowa ya rubuta layi 3 zuwa 5, wane littafi ya karanta, me ya tsaya masa a rai, da me ya yi aikin. A fom ɗin ku ƙara tambaya ɗaya, bayan an gama zaka ɗauki aikinka, ko ka bar wa laburare, ko a kwance shi a sake amfani da kayan? Da kuma izinin ɗaukar hoton aikin a sa a shafin makaranta, aikin nasa ne sai ya yarda.

Fosta ba sai kun buga ɗari ba. Guda 10 da aka rubuta da hannu a bayan kwali an kafa a inda ɗalibai ke wucewa, sauran a tura ta waya. Banar roba mai ɗauke da kwanan wata kuwa ku barta, rana ɗaya take amfani sannan ta zama shara da ba ta ruɓewa.

Bita, inda aikin ke faruwa da gaske

In kuka yi sanarwa kuka zauna jira, mutum kaɗan zasu kawo aiki, yawanci suna so amma basu san ta inda zasu fara ba. Ku shirya zama 2 ko 3, awa biyu-biyu, a wani aji ko a waje ƙarƙashin rumfa, ba cikin zauren karatu ba. A zaman farko ku nuna musu hotuna su ga cewa abin nan ba wasan yara ba ne. El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, da murafen kwalabe yake aiki, ana daddaƙe su ana ɗinke su da wayar jan ƙarfe har su zama kamar wani ƙaton zane da ke rufe bango guda, kuma a 2015 aka ba shi babbar lambar girmamawa a baje kolin zane-zane na birnin Venis da ke Italiya. A 2011 kuma a birnin Edinbara na Sukotland wata mata da ta ɓoye sunanta ta riƙa ajiye ƙananan sassaƙe-sassaƙen da ta yi da tsofaffin littattafai a laburarori da gidajen tarihi, na farko bishiya ce ta takarda da aka tsinta a laburaren waƙoƙi na birnin, kuma don nuna goyon baya ga laburarori ta yi. Ɗalibi in ya ga waɗannan sai ka ga ya gyara zama.

Sai ku koya musu dabaru uku masu sauƙi, sauran su zasu ƙirƙiro.

Ninki shi ne mafi sauƙi kuma ba ya buƙatar gam ko almakashi. A samu littafi mai kauri, shafi 300 zuwa sama, ka tuna shafi 300 ganye 150 ne don haka ganye 150 zaka ninke. Ka kama kusurwar sama ta ganyen farko ka jawo ta har ta taɓa tsakiyar littafin inda aka ɗinke, ka danne da bayan cokali ko gefen rula layin ya fito tsaf, ka ɗauko kusurwar ƙasa ita ma ka kai ta tsakiya, ganyen ya zama mai tsini. Ka juya ka yi na gaba daidai yadda ka yi na farko. Wajen ganye na 40 littafin zai fara buɗewa da kansa ya ƙi rufuwa, in ka kai ƙarshe ka tsayar da shi sai ka ga ya zagaye ya zama kamar fitila. Wanda ya ƙware sai ya riƙa canza tsawon ninkin da rula har siffar ganye ko ɗigon ruwa ta fito a gefen shafukan. Aikin haƙuri ne, awa 2 zuwa 3 na tafiya a littafi ɗaya.

Na biyu yin sabuwar takarda daga tarkacen da ya zuba, kuma ina son wannan saboda shi ke cinye sharar bitar kanta. A yayyaga tarkacen ƙanana kamar girman farce, a jiƙa a bokiti ya kwana, a markaɗa a tsohuwar bilenda da ruwa mai yawa har ya yi laushi ba gudaji, a juye a baho mai faɗi a ƙara ruwa. A samu tsohon firam ɗin hoto a ɗaura masa ragar taga a ja ta tayi tauri. Ka motsa ruwan da hannu, ka nutsa firam ɗin ta gefe ka kwantar da shi a ƙasa, ka ɗago shi a hankali a miƙe kana ɗan girgizawa, ruwa na tsiyayewa markaɗaɗɗiyar takardar na kwanciya a kan ragar. Ka kife shi a kan tsumma mai tsabta, ka danna bayan ragar da soso ka tsotse ruwan, ka ɗaga firam ɗin a hankali takardar ta zauna a kan tsumman. A inuwa ake shanyawa, kwana 1 ko 2, sannan a danne da manyan littattafai ta miƙe. Zaka ga guntayen haruffa sun fito a jikinta nan da can. Ku gaya wa ɗalibai cewa zaren takarda yana gajercewa duk lokacin da aka markaɗa shi, ana ƙiyasta sau 5 zuwa 7 ake iya sake sarrafa shi kafin ya daina kamawa, shi yasa rage ɓarna tun farko yafi dogaro da sake sarrafawa.

Na uku gam. A dama sitaci kashi 1 da ruwa kashi 5, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa ba tsayawa har ya yi kauri ya koma garai-garai, a sauke ya huce a tace. Irinsa masu gyaran tsofaffin littattafai ke amfani da shi, da sitacin alkama, saboda ana iya kwance shi da ruwa daga baya. Ba ya daɗewa, a dama na kwana biyu kawai, kuma aikin ya bushe ƙayau kafin ya shiga laburare. Inda ake buƙatar ƙarfi sai farin gam na kafinta, kaɗan-kaɗan. Salatif dai ku guje shi, yana yin ja ya saki ya bar tabo. Zare da allura, waya, tsaga kwali a cusa wani cikin wani, duk waɗannan sun fi, tunda ana kwance su.

Mai yanka da reza ya sa kwali mai kauri a ƙasa, ya yi amfani da rular ƙarfe, ya ja rezar nesa da yatsunsa, sabuwar reza ta fi dakusasshiya aminci tunda ba sai an danna da ƙarfi ba. Fentin feshi a waje kawai, ko ma a hana shi gaba ɗaya. Ku ajiye sikeli a bakin ƙofa ku riƙa auna kayan da aka ɗauka kuna rubutawa, zai yi muku amfani a gaba.

Zaɓe

In wuri ya isa ku karɓi duk aikin da ya cika sharuɗɗa. In bai isa ba mutum 3 su zaɓa, a rufe sunayen masu aikin a sa lamba, a duba alaƙarsa da littafin, da kayan da aka yi shi, da ko zai iya tsayuwa sati 4 bai rushe ba. Wanda ba a ɗauka ba a gaya masa dalili da baki, kuma a sa hoton aikinsa a wani kundi a teburi.

Kafawa

Ku ɗauki kwana 2, ranakun da laburare ba cunkoso. Kafin a ɗaga komai ku zana taswirar wurin a takarda, sannan ku jera ayyukan a ƙasa ku tsaya daga bakin ƙofa ku duba. Aikin da yafi ɗaukar ido a sa shi inda mai shigowa zai hango, shi zai jawo mutum ciki. Kar ku cusa su, ku bar aƙalla tafin hannu uku tsakanin aiki da aiki. Hanyar wucewa kar ta gaza santimita 90 don mai keken guragu ya wuce, in da hali ku kai ta 120.

Na bango, tsakiyar aikin ta zama kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, shi ne daidai idon yawancin mutane, ku ja zare a wannan tsayin daga wannan ƙarshen bango zuwa wancan ku bi shi. In an hana ƙusa sai a ɗaura igiya tsakanin ginshiƙai a rataye da kilif, ko a ari allunan sanarwa masu ƙafa, ko a yi amfani da gefen kantocin littattafai. Abin ɗora sassaƙa kuma kwalaye ne a cika su da tsofaffin mujallu su yi nauyi a naɗe da takarda ɗaya mai launi ɗaya, duk wanda ya gani zai ɗauka saya aka yi.

Haske shi ne babban abokin gabar takarda. Gidajen tarihi kan tsaya wajen lux 50 ne ga ayyukan takarda, wato haske ne mai laushi sosai, ba lallai ku kai nan ba amma dai kar rana ta riƙa dukan aiki kai tsaye ta taga, cikin 'yan makonni launi ke kwashewa musamman na jarida da na maka. In zaku ƙara fitila ku sa ƙwan LED, ba ya zafi sosai. Ku nisanci bakin na'urar sanyaya ɗaki da bangon da ke gumi, danshin iska in ya haura kashi 65 cikin 100 ya daɗe a haka fumfuna na samun wurin zama. In fanka na kaɗawa a wurin ku kunna ta ku gani tun kafin ranar buɗewa, aikin takarda mara nauyi tashi yake.

Yanzu ɗan katin bayani, wanda mutane ke yi a gurguje daren ƙarshe alhali shi ke haɗa aikin da karatu. Sunan aikin, sunan ɗalibi da sashensa, kayan da aka yi shi da su a faɗe su dalla-dalla, misali "tsohon katalogi, zaren buhu, murafe 84", sai layukan da ya rubuta, sai sunan littafin da lambarsa ta kanta. Rubutun ya zama manya, girman 18 zuwa sama in da kwamfuta ne, baƙi a kan fari, a manna a kan kwali, ko a rubuta da hannu a kan takardar da aka yi a bita. Sannan littafin kansa a jingine shi nan kusa da ɗan rubutu "ana iya ara". In an are shi a sa kati a wurin cewa an ara za a dawo da shi rana kaza, wannan katin ma yana sa wani ya so karantawa.

Ranar buɗewa da kwanakin da ke biye

Kar a cika jawabi. Minti 30 zuwa 40, shugaban laburare yayi maraba, ɗalibai 3 ko 4 kowa ya karanta sakin layin da ya zaburar da shi yana tsaye kusa da aikinsa, shikenan a zagaya. Ba lasifika mai ƙara, ba balan-balan, ba kofunan roba na yarwa, in akwai abin sha a yi shi a waje nesa da littattafai. Ku sanar da masu karatu kwana 2 kafin nan cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza za a ɗan yi hayaniya a wannan ɓangaren, ku nuna musu inda zasu koma.

In kuna son 'yan kallo su zaɓi gwani, ku ajiye kwalba a gaban kowane aiki, mai shigowa a ba shi murfi ɗaya ya jefa a inda ya fi so. Kyauta kuma ba sai kofi ba, littafi da satifiket sun wadatar. Kowace safiya ɗan kwamiti ɗaya ya zagaya na minti 10, ya goge ƙura da busasshen burushi mai laushi, ya miƙar da abin da ya karkace, ya duba ko ƙwari sun fara zuwa. Ku ajiye littafin ra'ayi da biro a ɗaure da zare. Ku gayyaci malamai su kawo ajinsu, malamin kimiyyar muhalli ko na adabi zai iya yin darasi guda a tsaye a wurin. Ku ɗauki hoton kowane aiki da rana, ba filashi, da katinsa a gefe.

Kwancewa

Ranar kwancewa tun farko a sa ta a sanarwa kamar ranar buɗewa, in ba haka ba ayyukan zasu zauna a lungu har su ruɓe kuma shugaban laburare ba zai sake yarda ba. Ku ɗauko fom ɗin nan, wanda ya ce zai ɗauka a ba shi sati 1, wanda ya bar wa laburare a zaɓi 2 ko 3 da za a iya kula da su a ba su wuri na dindindin nesa da taga, sauran a kwance su a zaune tare. Takarda gefe, kwali gefe, ƙarfe da waya gefe, roba gefe. Zare da kilif da firam da igiya a sa a kwali ɗaya a rubuta a jiki a ajiye wa na baɗi. Abin da masu sayen tarkace ko masu sake sarrafawa ke karɓa a kai musu, ɗan kwamitin nan mai kula da kaya tun makonni baya ya kamata ya san su wa ke karɓar me. Abin da ya rage da ba shi da wurin zuwa sai bola a ɗora shi a sikeli a rubuta nauyinsa kusa da nauyin kayan da aka ɗauka tun farko. A cire duk wani gam ko zare daga bango, a mayar da teburi inda aka same shi, a kira ma'aikacin laburare ya zagaya ya gani da idonsa kafin ku tafi.

Daga nan ku roƙe shi ya duba rajistar aro ya gaya muku sau nawa aka ari littattafan nan 20 ko 30 a cikin wannan watan, da sau nawa aka are su a watan da ya gabace shi. Ku haɗa wannan da adadin ɗaliban da suka shiga da sassansu, da nauyin kaya, da hotuna, da abin da ya ba ku wahala, a shafi 2 kacal. Kwafi ɗaya ga shugaban laburare, ɗaya ga hukumar makaranta, ɗaya a sa cikin kwalin kilif da zaren domin kwamitin da zai zo bayanku ya same shi da ya buɗe.